Ginin da Ba Shi da Ƙofa a Berlin

Tun da na dawo, duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona a unguwar Mahjar ta Jidda tambayarsa ɗaya ce: me ya kai ka gidan tarihin Yahudawa? Na ba da amsa har na gaji, kuma na lura kowa da irin yadda yake kai labarin gaba. Wani ya ce ɓatan hanya na yi, wani ya ce Turawa ne suka yaudare ni. Shi ya sa na zauna in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in tura masa.

Sana'ata sayar da farantan alminiyom da kwanon da ake lulluɓe fuskar gini da su. A unguwar Hindawiyya, nan Jidda, aka haife ni. Kakana ne ya zo Hajji daga ƙasar Katsina bai koma ba. Fasfona na Najeriya ne, ƙasar da sau biyu kawai na taɓa takawa, zamana a Jidda kuwa da iƙama ne, wato takardar izinin zama, kamar na kowane baƙo, kuma shagon da sunan kafilina yake, ɗan ƙasar da ya tsaya mini, wani dattijo da muke kira Abu Nasir. Mai iƙama idan zai fita sai an ba shi bizar fita da dawowa, mai wa'adi. In wa'adin ya cika yana waje, ƙofa ta rufe. Shago da mata da 'ya'ya huɗu da kabarin mahaifiya suna ciki, kai kana waje.

Abin da ya fitar da ni injin lanƙwasa kwano ne, na hannu, da wani Bajamushe ya sa a kasuwa zai rufe masana'antarsa. Na yi gaggawar karɓar bizar fita, sai ta Jamus ta yi jinkiri, ta cinye mini yawancin wa'adin tun ina zaune a gida. Ranar da ta fito, Salisu, mu'aƙƙibin da yake bi mana takardu a ofisoshi, ya miƙo mini fasfo ya ce, "Abu Hamza, ka shigo kafin ɗaya ga Sha'aban, halas, shi ke nan. Kada ka yi mini wasa da ita."

Na ƙirga a yatsu ina tsaye. Talatin ga Rajab ta faɗo ranar Alhamis. Na yanki tikitin da zai sauke ni Jidda ranar Alhamis da safe.

"Ka matse da yawa," in ji shi.

Na ce masa sai Laraba za a loda injin a kwantena, kuma ban taɓa sayen kaya na bar wani ya loda mini ina nesa ba.

Jirgi ya bi da mu ta Istanbul, inda muka yi zaman awa huɗu a kan kujerun da ba a yi su don zama ba. A Berlin jami'in shige da fice ya duba takardar gayyata da tikitin komawa ya buga hatimi, ba wata magana. Matsalar a wajen kaya ta same ni. Wani kare mai dogon kunne ya zo ya zauna kusa da jakata kamar ya san ni. Aka buɗe, aka fito da dambun naman da matata ta kwana biyu tana yi wa mai masaukina. Matar da ke aikin ta yi mini bayani cikin ladabi cewa nama ba ya shiga ƙasarsu a jaka, ta jefa shi a wani kwandon ƙarfe. Dabino da turare ta bar mini. Abu na farko da na yi a Turai shi ne wanke jaka.

Mai masaukin nawa Yakubu ne, ɗan Zangon Kumasi, yana tuƙa motar rarraba kaya, shekararsa ashirin a can. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, matarsa ma "ya fita" ne. Da na gaya masa makomar dambun sai ya dafa sitiyari.

"Alhajin Jidda, da ma kai suka riƙe suka sako naman."

Gidansa ɗaki biyu ne a hawa na huɗu, ba lif. Bayin ba shi da tiyon ruwa irin namu, amma ya ajiye buta a bayan ƙofa. Shara kashi huɗu ake raba ta, kowace da kwandonta, kuma a rana ta biyu wata tsohuwa maƙwabciya ta kawo mini kwalbar da na jefa inda bai dace ba, ta miƙo mini hannu da hannu. Ranar Lahadi duk kantuna a rufe, ba na awa guda ba kamar yadda muke yi don salla, yini guda cur. Burodinsu baƙi ne mai tsami, da nauyi kamar bulo. Na sayi ruwa sau biyu ya fito mai gas. Abin da ya riƙe ni shi ne shawarmar Turkawa, wadda suke cusa wa kabeji har nama ya ɓata a ciki.

Injin na same shi yadda aka faɗa. Mai shi tsoho ne mai manyan hannaye, kuma bai ɓoye mini inda yake ɗigar mai ba, shi da kansa ya durƙusa ya nuna mini. Da muka gama sai na nuna masa hotunan aikina a waya. Ya duba haɗin farantan ya gyaɗa kai, ya yi wa Yakubu magana da Jamusanci.

"Ya ce in kana son ka ga inda aka wahalar da kwano, akwai gini a garin nan. Gidan tarihin Yahudawa ne."

Na ce gini dai gini ne, mu je. Wannan ita ce amsar tambayar da ake ta yi mini. Haɗin kwano na je gani.

Ranar Litinin da hantsi muka je. Daga titi abin ba ya kama da gida. Dogon bango ne mai ruwan toka, ya karye nan ya karye can kamar zanen walƙiya. Tagoginsa ba murabba'i ba ne, tsage-tsage ne a karkace, kamar an sa wuƙa an yanka bangon ta ko'ina. Na matsa na shafa. Farantan a jirkice aka jera su, kowane an naɗe bakinsa a kan na kusa da shi, kuma duk inda tsagar taga ta ratsa sai an yanka faranti na musamman. Na yi tunanin yawan kwanon da aka zubar a yanka. Ba fenti, an bar shi iska da ruwan sama su rina shi yadda suka ga dama. A Jidda mai gida zai kira ka bayan shekara ya ce ka sayar masa da jabu.

Muka bi bangon muna neman ƙofa. Muka kai ƙarshe muka dawo. Babu.

"Shekara ashirin kana garin nan ba ka san ƙofar ba?"

"Alhaji, ni kaya nake kai wa mutane, ba yawon ido ba. Kai maƙwabcin Makka sau nawa ka hau Dutsen Nur?"

Ban taɓa hawa ba. Wata mata mai tura keken jariri ce ta nuna mana wani tsohon gini mai ruwan ƙwai da ke gefe. Ta nan ake shiga. Aka caje mu kamar a filin jirgi, aka karɓi jaka, sannan muka bi matakala zuwa ƙarƙashin ƙasa. Sabon ginin ta ƙasa ake shigarsa.

Can ƙasa hanyoyi uku ne suka gitta juna, kuma babu wadda daɓenta yake a miƙe. Kana tafiya gwiwarka na gaya maka kana hawa, idonka na cewa a'a. Bangon ma ya ɗan kwanto. Na ce wa Yakubu da magini ne ya yi mini haka a gida da mun kwana a wajen 'yan sanda. Ya karanta allon da ke jiki ya ce da gangan ne, ana so mai shiga ya ji ƙasa ba ta riƙe shi ba. Na ce to sun samu abin da suke so.

A jikin bangon akwai ƙananan tagogin gilashi masu duhu, sai ka kusanto kake ganin abin da ke ciki. Kayan mutane ne: keken ɗinki, cokula, wasiƙu, hotunan biki, makullin gida. Mutanen da gwamnatin ƙasar ta wancan zamanin ta ƙwace wa sana'a, ta kore su, sannan ta kashe waɗanda ba su samu fita ba, har da yara. Na daɗe a gaban wata taga mai takardun wani ɗan kasuwa: izinin zama, izinin fita, hatimi a kan hatimi, kowane da ranar ƙarewarsa. Yakubu ya ce a garin aka haifi mutumin. Ba zan kwatanta kaina da shi ba, ni ba wanda yake farauta ta, kuma ina cin abincina lafiya. Amma takardar na gane ta ba tare da an fassara mini ba.

Hanya ɗaya ta kai mu wata ƙofa mai nauyi. Ma'aikaci ya buɗe, muka shiga, ya rufe. Ɗaki ne na siminti tsirara, dogo kamar rijiya, da sanyi, ba fitila sai ɗan haske daga wata tsaga can sama. Ana jin motocin titi amma kamar daga wani gari. Ban fi minti biyu ba na tura ƙofar. Hanya ta biyu ta fitar da mu wani fili mai ginshiƙan siminti dogaye a jere, duk a karkace, da itatuwa a samansu inda hannu ba ya kaiwa. Na ɗan zaga ciki sai jiri ya ɗebe ni, na dafa ginshiƙi kamar wanda ya sauko daga jirgin ruwa.

A wani lungu kuma an zuba faya-fayan ƙarfe masu kauri a ƙasa, dubbai, kowane an huda masa ido biyu da baki a buɗe. Mutane na tafiya a kai, ƙarfen na ƙara.

"An ce a taka, Alhaji. Don haka aka zuba shi."

Na ce ya taka in yana so. Ni an hana ni tsallake ƙafar mutum tun ina yaro, ba zan taka fuska ba ko ta ƙarfe ce. Shi ma ya sa ƙafa ɗaya ya janye.

Hanya ta uku doguwar matakala ce zuwa sama, inda aka baje yadda suke rayuwa. Nan ne na ga abin da ban zata ba. Ba sa cin alade, yanka suke yi, suna yi wa jariri kaciya a rana ta takwas, matan masu riƙo da addini suna rufe gashi, rubutunsu daga dama yake farawa. A kasuwarmu idan mutum ya tsaya kan farashinsa sai a ce masa Bayahude, ni ma an sha ce mini, na kuma faɗa wa wasu. A nan na ga teloli da malaman makaranta da masu tallan tsumma a ƙauye. Wani abokina ya tare ni da maganar Falasɗinu da na dawo. Na ce masa ra'ayina a kan wannan yana nan inda yake, amma matar da ta bar keken ɗinkinta a waccan tagar ba ta da hannu a ciki.

Ƙafata ta gaji, na zauna a benci gaban wani allo mai zagayen watanni. Ina waya da matata da Larabci ina gaya mata ba a bar dambun ya shiga ba. Da na kashe sai dattijon da ke gefena, mai sanda da ƙaramar hula a tsakar kai, ya juyo.

"Hajji, daga Hijaz?"

Larabcin Iraƙi ne, tsohon yayi, irin wanda ban ƙara ji ba tun rasuwar wani mai gyaran agogo a unguwarmu. Ya ce sunansa Dawud, a Bagadaza aka haife shi, ya bar ta yana ɗan shekara tara, yanzu yana Kanada, 'yarsa ce ta kawo shi. Ya tambaye ni ko har yanzu ana samun dabino mai laushi irin na da, na ce yana jakata a ƙasa, da na sani da na cusa a aljihu. Ya yi dariya har ya yi tari.

Na nuna allon na kira shi baffa da Larabci na ce, "Ya ammi, wannan fa?"

Ya ce watanninsu ne. Su ma da jinjirin wata suke lissafi, kuma yininsu daga faɗuwar rana yake farawa kamar namu. Sai dai sun daɗe da daina jiran gani, lissafi suke bi, galibi wata ɗaya talatin, mai bi masa ashirin da tara.

Na ce, da ɗan alfahari, "Mu sai mun gani da ido."

"Don azumi, na sani. Amma hukuma fa? Mai rubuta takarda a ofis shi ma fita yake ya leƙa sama kafin ya sa rana?"

Nan take abin ya faɗo mini. Ofis ba ya leƙa sama. Ofis kalandar da aka buga tun farkon shekara yake bi, kuma irinta tana rataye a shagona bayan kujerata, ban ɗaga kai na dube ta ba. Na ciro waya na buɗe kalandar. Rajab na bana kwana ashirin da tara ne. Alhamis ɗin da na yanka wa tikiti ita ce ɗaya ga Sha'aban.

Dattijon ya ga fuskata ya ce lafiya? Na gaya masa a taƙaice. Bai yi mini jaje ba. Ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya ya ce, "To me kake yi a zaune? Tashi."

Na kira Salisu tun muna saukowa matakala. Ya saurara har na gama.

"Wallahi Abu Hamza, kai da kake auna faranti da milimita? Na ce maka kafin ɗaya ga wata. Wa ya ce maka talatin ne?"

"Yatsuna. Za a iya tsawaitawa?"

"Sai kafili. Shi kuwa Abu Nasir yana jeji wajen raƙumansa tun Juma'a, waya ba ta kamawa. Ɗansa ma nemansa yake. Yalla, nemi jirgi."

Jirgin Talata ya cika. Aka samu kujera ɗaya a na safiyar Laraba, ta Istanbul, mai sauka Jidda da la'asar. Na biya abin da suka ce ban yi ciniki ba, abin da ban saba ba. Saura injin. Ranar Talata na kai Yakubu masana'antar, na nuna masa inda za a ɗaura igiya da inda ba a ɗagawa, na sa shi ya maimaita sau uku.

"Alhaji, firiji nake ɗauka zuwa hawa na shida kullum. Je ka kama ƙofarka."

A Istanbul aka ce jirgin zai yi jinkirin awa biyu. Na zauna ina kallon allon, ina sake lissafi, wannan karon a takarda. Za mu sauka dab da magariba. Nan wata tambaya ta shige ni: in rana ta faɗi ai an shiga Sha'aban. Na san na'urar ofis sha biyun dare take bi, na sani sarai, amma mutumin da ya riga ya yi kuskure sau ɗaya a mako ba ya yarda da abin da ya sani. Na tura wa Salisu tambayar. Ya amsa da kalma ɗaya, ba zan rubuta ta a nan ba.

Muna saukowa ta kan teku rana tana daidai fiffiken jirgi, ja, rabinta ya nutse. Ban jira kowa ba a hanyar fita, na wuce wata ƙungiyar masu Umra da haramansu ina ba su haƙuri da yare uku. Ana kiran salla na isa layin masu iƙama. Mutum goma sha ɗaya ne a gabana, na ƙirga su, kuma kowane sai da aka ɗauki yatsunsa.

Jami'in matashi ne, bai kai babban ɗana ba. Ya karɓi fasfo da iƙama, ya danna na'ura, ya tsaya yana kallon allon fiye da yadda ya yi wa na gabana. Ya ɗago.

"Ya ammi, ka san yau ce ranarka ta ƙarshe?"

"Na sani."

"Da jirgin ya kwana fa?"

"Da na kwana."

Ya girgiza kai, ya nuna mini inda zan ɗora yatsu. Na ɗora. Ya ɗauki hatimin shiga, irin wanda ake buga wa kowane baƙo, ya buga a shafin da ya samu fili, ya turo mini fasfon ta ƙarƙashin gilashi yana kiran na bayana. Shekarata hamsin da ɗaya a garin nan, kuma da hannu biyu na karɓa.